Littafi Ba Shi da Ƙafa: Tarihin Masu Kawo Mana Littattafai

Karatu: 2 Timoti 4:9-13, Kolosiyawa 4:7-16



Sa'ad da Manzo Bulus ya rubuta wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, yana kurkuku a Roma, ya kuma san kwanakinsa saura kaɗan. Cikin 'yan abubuwan da ya roƙa a kawo masa akwai alkyabbar da ya bari a Taruwasa a hannun Karbus, da littattafansa, musamman waɗanda aka rubuta a kan fata. Masu wa'azi sukan tsaya a nan su nuna mana cewa dattijon da ke jiran hukuncin kisa bai gaji da karatu ba, kuma darasi ne mai kyau. Amma mu lura da wani abu kuma. Littattafan suna Taruwasa, mai su yana Roma, ga teku a tsakani. In har za su kai hannunsa, dole wani ya adana su a gidansa, dole kuma wani ya ɗauke su ya shiga jirgin ruwa da su. A aya ta 12 Bulus ya ambaci Tikikus, mutumin da Afisawa 6:21-22 da Kolosiyawa 4:7-8 suka nuna shi aka aika zuwa waɗannan ikkilisiyoyi, shi ya sa masana suke ganin shi ne ya kai musu wasiƙun. Babu littafi ko ɗaya a Sabon Alkawari da Tikikus ya rubuta, amma wasiƙun da muke haddace ayoyinsu a Makarantar Lahadi sun taɓa kwana a jakarsa.

Littafi ba shi da ƙafa. A kowane zamani, tsakanin marubuci da mai karatu akwai wani mutum da ba a cika tunawa da shi ba. A tarihin ikkilisiya a arewacin Najeriya muna ambaton masu fassara, da Turawan mishan, da fastocinmu na farko. Wanda ya ɗauki littafin ya kai ƙauye, da wanda ya buɗe ɗan kanti ya zauna jiran mai saye, su ne ba a cika yi musu godiya ba. Bari mu bi sawun littafin tun daga farko, don mu gane abin da za mu rasa in ƙaramin kantin littattafai na unguwarmu ya rufe.

Ƙasar da ta san littafi tun dā

Tun kafin zuwan mishan, ƙasar Hausa ta san darajar littafi. Malaman Musulunci a Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato suna da littattafan Larabci da na ajami, ana kwafe su da hannu, ana ajiye su a gafaka. Takardar da ake rubutu a kanta, mai tambarin jinjirin wata uku, daga Italiya take fitowa, ta bi ta Tarabulus, ta ƙetare hamada a bayan raƙumi. Sana'a ce mai rassa: akwai masu kwafa, akwai dukawa masu ɗinka gafaka, akwai fatake da dillalai. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau ana cinikin littattafai a cikinta. Maƙwabtanmu sun daɗe da gane cewa ilimi yana bukatar marubuci, yana kuma bukatar ɗan kasuwa.

An fassara, an buga, amma bai iso ba

Labarin Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fara ne nesa da ƙasar Hausa. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, ya fara jin Hausa a Saliyo daga bakin 'yantattun bayi. A 1841 ya hau kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther. A 1855 matafiyin nan Heinrich Barth ya koma Turai da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, ya zauna tare da Schön a Ingila, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, yana gyara masa Hausarsa. Da wannan taimako Bisharar Matiyu ta fito da Hausa a 1857, Sabon Alkawari kuma ya kammalu a 1880.

Aiki ne babba, sai dai a Landan aka buga littattafan, da haruffan boko, a lokacin da masu karatu a ƙasar Hausa ajami suka sani. Babu makarantar boko a Kano ko Zariya, babu majami'a, babu mai sayarwa. Schön ya rasu a 1889 bai taɓa taka Kano ba. Kusan shekara 50 ke nan Bisharar Matiyu tana nan da Hausa, amma yawancin masu harshen ba su ma san da ita ba.

Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya, wadda ta ɗauki nauyin buga irin waɗannan fassarori, ita kanta irin wannan rashi ne ya haife ta. A 1800 wata yarinya mai suna Mary Jones, 'yar shekara 15, a yankin Wales na Birtaniya, ta yi shekara shida tana tara kuɗi don ta sayi Littafi Mai Tsarki da harshenta. Da kuɗin suka cika, babu inda ake sayarwa kusa da su. Sai ta yi tafiyar wajen kilomita 40 a ƙafa zuwa garin Bala, wurin wani mai wa'azi, Thomas Charles. Labarinta na cikin abubuwan da suka motsa aka kafa ƙungiyar a 1804. Tun daga lokacin al'adar ƙungiyar ita ce ta sayar da Littafi Mai Tsarki da araha maimakon ta riƙa rabawa kyauta kullum, ta kuma aika 'yan talla gari gari. Dalilinsu shi ne abin da mutum ya saya da guminsa ya fi riƙe shi da kyau, kuɗin kuma yana taimakawa a buga wani.

Masu karatu sun samu

A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shigowa arewa. Biyu daga cikinsu suka mutu a shekarar da ta biyo, sai a 1902 mishan ta SIM ta kafa tasha a Patigi. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na CMS ya isa Kano, Sarki ya sallame su. A cikin ayarin akwai wani likita, Walter Miller, wanda ya samu zama a birnin Zariya a 1905. Daga baya aikin ya koma Wusasa. Mishan ta SUM ta fara a Wase a 1904, 'yan Lutheran daga Denmark suka isa Numan a 1913, mishan ta 'Yan'uwa ta fara a Garkida a 1923, SIM kuma ta shiga Damagaram a 1924.

Waɗannan ƙungiyoyi sun tarar da harsuna masu yawan gaske a Filato da kudancin Zariya da Bauchi da Adamawa. Ba zai yiwu a fassara dukan Littafi Mai Tsarki zuwa kowane harshe nan da nan ba, ga Hausa kuma ana jinta a kasuwanni. Tun daga taron da mishan dabam dabam suka yi a Lokoja a 1910 suka fara haɗa kai, Hausa ta zama harshen da ya haɗa masu bi. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin Likita Miller da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa. A 1934 aka buɗe makarantar Gindiri don horar da masu bishara da malamai.

A tashoshin mishan da yawa, mai neman baftisma sai an fara koya masa karatu. Manomi zai dawo daga gona ya zauna a ajin yamma tare da yaransa, suna bin baƙi da wasali da yatsa. Kakanninmu da yawa ta haka suka iya karatu, kuma littafin farko da suka karanta da kansu Bishara ce. To, duk wanda ya iya karatu yana bukatar littafi nasa na kansa. A nan ne aikin mai sayarwa ya zama wajibi.

Kanti da akwati

A kudu, CMS ta buɗe kantin littattafai a Legas tun 1869, wanda ake kira CSS Bookshops yanzu. A arewa, A. W. Banfield, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci, ya kafa maɗaba'ar Niger Press a Shonga. Daga baya ta koma hannun SIM, aka kai ta Jos. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin da ya bi ta Kafanchan kuma ya isa Jos a 1927, sai ɗauko akwatunan littattafai daga bakin teku ya yi sauƙi. SIM ta buɗe kantuna a manyan garuruwa, su ne suka zama Challenge Bookshop a hannun ECWA. COCIN ma tana da nata, Albishir Bookshop. Daga waɗannan kantuna masu bishara da malaman makaranta suke sarowa, su ɗora akwati a kai ko a bayan keke, su baje a gindin itace ranar kasuwa ko bayan an tashi sujada. Ta haka Littafin Waƙoƙi ya shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa, har ya kasance mutumin Kagoro da na Langtang da na Biu suna iya tsayawa wuri ɗaya su rera waƙa ɗaya.

A 1951 SIM ta fara buga mujallar African Challenge, wadda ta bazu a makarantu ta hannun malamai da dillalai. Zumuntar ɗalibai ta FCS ta fara a Gindiri a 1957. A farkon shekarun 1960 shirin Sabon Rai Don Kowa ya tashi daga Jos, ya sa talakawan masu bi fita shaida gida gida da ƙananan littattafai a hannu. An kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya a 1966, kuma a wajajen 1980 sabuwar fassarar Hausa ta fito, wadda yawancinmu muka tashi da ita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya dogara ga takarda, takardar kuma ta dogara ga wanda zai kai ta.

Littattafan Hausa na boko waɗanda ba na addini ba su ma sun bi wannan hanya, kuma akwai darasi a cikinta. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Gasar rubutu ta 1933 ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista ɗan Wusasa, ya rubuta tare da East. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a 1939, Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, sannan hukumar NORLA ta zo a zamanin Yaƙi da Jahilci ta buga littattafai da yawa. Ga marubuta, ga injin bugawa, ga kuɗin gwamnati, amma kai littafin ga mai saye ya yi ta ba su wahala, kuma a 1959 aka rufe NORLA. Bayan shekaru, daga shekarun 1980, matasan marubuta a Kano suka riƙa buga labaransu da kuɗin aljihunsu, ƙananan 'yan kasuwa suna sayarwa suna ba da haya, sai ga littafin Hausa ya cika gari. Abin da hukuma ta sha wahala a kansa, masu rumfa da tebur suka yi shi.

Sa'ad da naira ta karye

A zamanin mishan, kuɗin masu bi na ƙasashen waje yana rage tsadar littafi, mai saye bai ma sani ba. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, TEKAN ta haɗu a 1955, a 1976 kuma SIM ta miƙa wa ECWA sauran ayyukanta. Nauyin kantuna ya dawo kanmu, kuma haka ya kamata. Sai dai ba da daɗewa ba tattalin arziki ya juya. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dalar Amurka daraja. Da aka shigo da shirin SAP a 1986, ta faɗi zuwa wajen naira huɗu a dala ɗaya, ta kuma ci gaba da faɗuwa, har a 2024 dala ɗaya ta wuce naira 1,500. Masana'antun takarda uku na gwamnati, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, sun durƙushe, don haka ko littafin da aka buga a Jos ko Kaduna, takardarsa da tawadarsa da dala ake sayo su.

Manyan kantuna suka rage rassa da kaya. Ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki suka shiga wahalar samun littattafan karatu, abin da ya sa aka kafa ACTS a Bukuru a 1993 don samar musu da su a farashin da za su iya. Rikice-rikice ma sun yi tasu ɓarnar. Babbar kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone a watan Fabrairu na 2002. A 2014 'yan'uwanmu na EYN da sauran ikkilisiyoyi a Borno da arewacin Adamawa suka gudu da kayan jikinsu kawai, suka bar Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi a gidaje da majami'un da aka ƙone. Da suka fara komawa, waɗannan littattafai na cikin abubuwan farko da suka nema.

A cikin wannan giɓi ne ƙananan kantuna masu zaman kansu suka yawaita. Malamin makaranta da ya yi ritaya, ko gwauruwa da 'ya'yanta, ko saurayin da ya gama makarantar tauhidi bai samu ikkilisiya ba, sai ya kama ɗaki ɗaya kusa da majami'a ko bakin kasuwa. Babu mishan a bayansa, babu ɗariƙa. A kanta ɗaya za ka ga Littafi Mai Tsarki da Hausa da Turanci, a wata littattafan makaranta da na labarai, a kusurwa kuma tarin littattafan gwanjo da aka shigo da su a kwantena ko aka saya daga gidajen mutane. Shi ne magajin mai akwati a bayan keke.

Da tsohuwar zuma ake magani

Wasu matasa suna raina littafin gwanjo, wai ya sha hannu, bangonsa ya koɗe, wani ya ja layi a ciki. Mu tuna cewa ikkilisiyar farko da littafin da ya sha hannu ta rayu. A Kolosiyawa 4:16 Bulus ya umarta cewa in sun gama karanta wasiƙarsu su miƙa wa 'yan'uwa na Lawudikiya, su kuma su karɓi tasu. A zamanin Sarki Yosiya, tsohon littafin Shari'a da Hilkiya firist ya tsinta sa'ad da ake gyaran Haikali shi ne ya kawo tuba a ƙasar Yahuza, kamar yadda 2 Sarakuna 22 ta ba da labari. John Bunyan na Ingila, gyartai ne talaka. Da ya yi aure, matarsa ba ta zo da wani abin kirki ba sai tsofaffin littattafan ibada biyu da mahaifinta ya bar mata. Suna karanta su tare, kuma nan ne zuciyarsa ta fara juyawa. Shi ne ya rubuta The Pilgrim's Progress, wanda ya fito a 1678, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da yawa na Afirka.

A wurinmu ma kusurwar gwanjo tana riƙe da abin da ba ya samuwa a wani wuri. Littattafai da yawa a kan tarihin ikkilisiyarmu an daina buga su, ko kuma samunsu sabbi yana da wuya. Reflections of a Pioneer na Likita Miller ya fito a 1936. Christianity in Northern Nigeria na E. P. T. Crampton ya fito a 1975. A wannan shekarar ce kuma Byang Kato, ɗan Kwoi, ya fitar da Theological Pitfalls in Africa, kafin ya rasu a watan Disamba a Mombasa. Banda waɗannan akwai ƙananan littattafan Hausa na koyarwar baftisma, da tarihin majami'u, da labaran masu bishara na farko, waɗanda aka buga sau ɗaya tak, ba wanda ya sa su a intanet. In mai su ya rasu, 'ya'yansa sukan zuba su a buhu, gara ta ci, ko su ƙare a hannun mai ƙosai. Mai kantin da ke sayen tsofaffin littattafai shi ne yake tsamo su kafin su ɓace.

Abin da ke kashe kanti

Yana da kyau mu san yadda wannan sana'a take tafiya. Mai kanti yana saro littafi da ɗan ragi daga masu bugawa. Daga cikin ragin nan zai biya kuɗin mota, da haya, da wuta, da yaron kanti, ya kuma ci abinci. Littafi ba kamar shinkafa ba ne da za ta ƙare a mako. Kuɗin da ya zuba a littafin sharhin Romawa na iya kwana a kanta shekara guda kafin mai bukata ya zo. Cinikin littattafan makaranta a watan Satumba, da na Abincin Yini da kalanda a ƙarshen shekara, su ne sukan ɗauki nauyin sauran watanni. Saboda haka in muka sayi littattafan makaranta da biro a wani wuri, muka zo wurinsa neman littafin tauhidi kawai sau ɗaya a shekara, mun bar masa ƙashi mun kai naman wani wuri.

Akwai kuma abubuwan da mu masu bi muke yi da hannunmu. Muna karɓar kaya bashi da sunan zumunta, shugabanni su sauka, sababbi su ce ba su san zancen ba. Muna ɗaukar littafi ɗaya mu yi fotokwafinsa wa aji guda. Muna tura littafin wani a WhatsApp ba da izininsa ba, mu ce hidima muke yi. Muna sayen bugun sata a bakin titi don ya fi araha, alhali marubucin bai samu ko kwabo ba. Luka 10:7 da 1 Timoti 5:18 sun koya mana cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma ba su ware marubuci da mai kanti ba. Doka ta takwas ma ba ta ware littafi ba.

Wani zai ce, ai Littafi Mai Tsarki yana wayata kyauta. Gaskiya ne, kuma abin godiya ne. Mary Jones da ta ga haka da ta yi murna. Amma waya tana bukatar caji da data, kuma a kan allo ɗaya ayar take da saƙonnin da ke janye hankali. Kakarmu a ƙauye ba ta da ita. Sannan waya ba ta san ka ba. Mai kantin da ya daɗe a sana'a ya san abin da zai ba sabon tuba, da abin da zai ba mai shirin aure, da wanda ya yi rashi. Yakan kuma ce maka ajiye wannan, bangonsa ne kawai na Kirista. A zamanin da koyarwa iri iri take yawo, irin wannan mutum mai tsaron ƙofa ne.

Abin da za mu iya yi

Na farko, mu san kantin. Mu je, mu gaisa, mu duba kanta, mu tambayi abin da muke nema. In babu, mu ba da sunan littafin da ɗan kafin alƙalami ya sayo mana. Mu riƙa tambayar littattafan Hausa da na harsunanmu, gama abin da ake tambaya shi ake sarowa, abin da ake sarowa kuma shi ake bugawa.

Na biyu, sayayyar zumunta ta bi ta wurinsa: kyautar gasar Littafi Mai Tsarki, da kyautar masu baftisma, da ta amarya da ango, da littattafan taron matasa. Mu biya nan take. In akwai tsohon bashi a kan zumuntarmu, ma'aji ya bincika a biya kafin ƙarshen wannan wata.

Na uku, mu yi adashin littafi. Zumunta mai mutum 20, in kowa ya sayi littafi ɗaya a wata uku, littafi 80 ke nan a shekara. A ajiye su a kabad ɗaya a majami'a, da littafin rajista, kowa ya ara ya dawo da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, mu duba gidajenmu. Littattafan da muka gama da su, da na iyayenmu da ke cikin buhu, mu ware na tarihi mu adana, sauran mu kai kanti a sayar ko a yi musanya, wani ya amfana.

Na biyar, mu gayyaci mai kantin ya baje tebur a taronmu na shekara, da ranar matasa, da babban taron gunduma, kamar yadda mai akwati yake yi a dā bayan sujada. Kada mu ɗora masa kuɗin wuri.

Na ƙarshe, mu karanta abin da muka saya. Littafin da aka jera don ado bai fi wanda ya kwana a sito a Landan amfani ba. Mu kuma yi addu'a Ubangiji ya ta da wasu daga cikinmu su zama marubuta da Hausa, wasu masu fassara, wasu kuma su ɗauki sayar da littattafai a matsayin kira. Dorugu saurayi ne sa'ad da ya zauna yana gyara Hausar Schön, Timoti ma saurayi ne sa'ad da aka aike shi ɗauko littattafai.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Maganarka, da dukan waɗanda ka yi amfani da su har ta iso hannunmu da harshen da muke ji. Mun gode domin masu fassara, da masu bugawa, da waɗanda suka ɗauki akwati a kai suka bi ƙauyuka, waɗanda kai ka san sunayensu. Ka albarkaci masu kantunan littattafai na garuruwanmu, ka ba su ciniki, da gaskiya, da hikimar zaɓen abin da zai gina jama'arka. Ka ba mu zuciyar biyan hakkin ma'aikaci, da ƙishin karatu, da biyayya ga abin da muka karanta. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.